Ranar Da Tsawa Ta Faɗa Wa Dandalin Fasaha

Hanatu 'yar Bungudu ce, ɗiyar Malam Labbo manomin dawa da auduga. Ita kaɗai ta gama sakandare a gidansu, daga nan ta koyi buga tafireta a Gusau har hannunta ya faɗa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga wasiƙun ofis, ko duban yatsunta ba ta yi.

Bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara, gwamnati ta yanki fili a bakin hanyar Tsafe, ta gina dogayen ɗakuna biyu, ta girke janareta, ta raɗa wa wurin Dandalin Fasaha. Nufinta ta jawo kamfanonin da ke rubuta manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, su zo su zauna kyauta. Uku suka amsa. Ɗaya na Injiniya Tajuddeen ne, mutumin Tsafe, kuma shi aka ba aikin shigar da sunayen ɗaliban firamare na Gusau da Tsafe da Bungudu. Ya nemi masu saurin hannu, aka turo masa Hanatu da wasu mata biyar.

Ranar farko ta yi kuskuren harafi ɗaya, ta fara waige-waigen abin gogewa. Injiniya ya miƙo yatsa ya danna wani maɓalli, harafin ya ɓace ɓat, ko tabo babu. Hanatu ta ja kujera baya tana salati, sauran matan suka yi ta dariya. Ba a yi wata guda ba ta zama ita ke koya musu.

Wata biyar suna wannan aiki. Ana kawo rajistocin makarantu a buhu, su buga, a mayar ƙauyuka. Suna dab da cika suna dubu arba'in, wata Talata cikin Agustan 1998, hadari ya taso daga gabas bayan azahar. Hanatu na kan rajistar makarantar Rawayya sai ta ga ɗakin ya yi fari fat, wata ƙara ta biyo baya wadda ba ta taɓa jin irinta ba. Ta farka a ƙasa, Wasila abokiyar aikinta na yayyafa mata ruwa. Bakin Wasila na motsi, amma Hanatu ba ta jin komai. Kwamfutoci goma sha biyu na ta hayaƙi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba.

Kwana huɗu ta yi a asibiti. Kunnen dama ya dawo, na hagu ya tafi ke nan. Da aka sallame ta ba ta nufi gida ba, Dandalin ta wuce. Ta iske Injiniya zaune a kan siminti, ya kwance akwatin kwamfutarta.

"Injiniya, a fiddo sunayen mana tukuna, kafin a kai su gyara," in ji ta.

Ya ɗago ya dube ta. "Malama Hanatu, babu su."

"Babu su kamar ƙaƙa? Ina sunka tahi? Da hannuna na zuba su!"

"Na ajiye kwafi a waccan," ya nuna ta kusurwa. "Waya ɗaya ta haɗa su. Tare sunka ƙone."

Ta leƙa cikin akwatin. Ko tokar takarda babu da mutum zai ce ga abin da ya rage. Ta zauna a kan simintin kusa da shi. Daga baya aka gano ɗan kwangilar da ya yi ginin bai taɓa kafa ƙarfen kare tsawa ba, fenti kawai ya shafa wa wani bututu a kan rufi.

Malam Labbo ya zo har Gusau duba ta. Da ta gama ba shi labari ya riƙe haɓa. "Ɗiyata, ko rumbu ya ƙone ana tsintar ƙwaya. Wannan wace irin ajiya ce?"

Sauran kamfanonin biyu suka tattara suka tafi kafin kaka. Injiniya ya jure har farkon 1999, yana jiran sababbin injuna da ba su zo ba. Kafin ya koma Kaduna ya harhaɗa sassan kwamfutoci uku ya ta da guda, ya kai wa Hanatu har gida. Damina ta gaba aka mayar da ɗakunan Dandalin ma'ajiyar takin zamani.

Mijinta ya so ta haƙura ta zauna gida. Ta ce ta ji, amma a bar ta ta gwada. Ta kama ƙaramin shago kusa da tashar mota, tana buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Da yamma matan aure uku-huɗu kan zo koyo, kowacce da goyonta. Cikinsu har da Talatu mai sayar da fura, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ranar da Talatu ta buga sunanta da kanta, sai da ta fita ta kira duk masu shagunan layin su zo su gani.