Ranar da Ɓauna Ta Tafi Jan Motar Taki

Idan sanyi ya shigo, an gama zuba dawa a rumbu, ɗakin kakata Iya ne matattararmu. Ana idar da sallar isha'i za ta hura wutar kara a tsakiyar ɗaki, ta tura gyaɗa ko guntun rogo cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna, kowa na neman gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni ne ɗan gatan wurin, don a hannunta na tashi. Kusa da ƙafarta nake zama, wanda ya ƙwace min wuri kuma ya sha ranƙwashi. "Ku matsa wa mijina," in ji ta, "ko da yake mijin nan nawa ban taɓa ganin cefanensa ba, sai ci kamar gara."

Tatsuniyoyinta na kura da zomo na manta fiye da rabinsu. Wanda ya zauna min daram shi ne labarin Ɓauna, wanda takan ba mu sau ɗaya duk shekara, a daren da ta ga dama.

Ɓauna mota ce. A lokacin tana bayan gidanmu a gindin ɗorawa, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Irin jif ɗin nan ce ta Ingila mai ƙirar akwati, da safaya ɗaure a kan bonet. Sunan kamfaninta na nan a goshinta da rubutun boko, amma a ƙauyenmu, can tsakanin Bici da Kunci, ba wanda ya taɓa kiran ta da shi. Da rana mukan hau mu murɗa sitiyari, mu je Makka mu dawo kafin azahar. Mai ita, kakanmu Malam, bai taɓa hana mu ba. Ba ya ma bi ta wajen. In zai je gona sai ya zagaya ta gaban masallaci, alhali ta gindin ɗorawar ta fi kusa.

In Iya za ta fara, takan ɗaga hannu ta hana mu amsawa. "Wannan ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Ta riga ta zo, a gidan nan ta sauka."

Ta ce tana budurwa ta fara ganin irin motar. A wancan zamanin mota iyakarta inda titi ya ƙare, daga nan sai jaki. Rannan suna surfe sai ga wani abu ya baro hanya, ya biyo burtali tsakanin shingayen aguwa yana gurnani, Bature a ciki da jar fuska. Suka watsar da taɓare suka faɗa cikin dawa. Bayan Turawa sun tafi motocin ba su bi su ba. Masu allurar rigakafi a cikinsu suke zuwa, haka malaman gona da malaman daji. Sai da na girma na zama bakanike na ji sauran tarihin: bayan yaƙin duniya na biyu aka fara ƙera ta don manoman can ƙasarsu, kuma saboda ƙarfe ya yi wuya aka yi jikinta da alminiyam. Shi ya sa damina bayan damina take dukan ta a gindin ɗorawa amma jikin bai ruɓe ba.

Da hukuma ta gaji da nata aka yi gwanjo, Malam, wanda ya koyi tuƙi a manyan motocin gyaɗa, ya sayo ɗaya. Iya ba ta ɓoye wahalar da motar ta ba shi. Baƙin mai take zubarwa duk inda ta kwana. In ana ruwa tamfol ɗinta yoyo yake yi, na ciki da na waje jiƙewarsu ɗaya. Sitiyarin kuwa sai mai ƙashi, da dare sai an gasa wa Malam kafaɗu. In wani abu ya karye, sai ya tafi Kano neman irinsa. "In ya shiga ƙarƙashinta da safe," in ji Iya, "ƙanshin tuwon dare ne kaɗai ke fito da shi." Amma duk da haka ba ta taɓa barin sa a daji ba.

Ita ce motar asibitin yankin gaba ɗaya. Wanda maciji ya sara, yaron da ya sanƙare, macen da naƙuda ta yi wa tsawo, duk ƙofar gidanmu ake bugawa. Malam ba ya tambayar ɗan gidan wa ne. Tsakaninmu da asibitin Bici akwai rafi mai yashi, wanda in damina ta yi nisa ko jaki tirjewa yake a bakinsa. Shi kuwa sai ya sa ƙaramar giya, tayoyin nan huɗu su kama ja tare, ta shiga ruwa tana huci ta fita ta can. Iya takan lissafa mana manyan mutanen garin da ba don Ɓauna ba da su da iyayensu mata tuni an manta da su. A nan mukan yi ta murna, muna kwaikwayon kukan injin da baki.

Daga nan sai muryarta ta sauka, ta ɗauki kara tana tona toka.

Wata damina 'yarsu ta fari ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar farko. Wannan 'yar ita ce mahaifiyata. Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". A wajenmu ɗan fari abin jin kunya ne. Iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane, ko ciwo yake yi sai dai wani ya kula. Iya kuwa ta yi suna a wannan fanni, har misali ake yi da ita a gidajen biki.

Kwana da kwanaki ana marka sai naƙuda ta tashi. Unguwarzoma da tsofaffin unguwa suka shige ɗaki. Iya ta zauna a madafa tana dafa ruwan wanka, ta juya wa ɗakin baya, don ba a ganin uwa a ɗakin haihuwar 'yar fari. "Ko tari ba ta yi ba," takan ce, tana gyaɗa kai. "Har aka gama ba wanda ya ji muryarta. 'Yar halak ke nan." Da hantsi na faɗo. Aka rangaɗa guɗa, aka aika zaure aka ce wa Malam an sauka lafiya, an sami namiji. Ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara ko kalma ba, don akwai mutane a zauren.

Amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma ya ɓalle. Tsofaffin suka yi abin da suka sani. Aka ba ta kwalba ta hura, aka zuba barkono a garwashi don ta yi atishawa, aka karɓo rubutu. Unguwarzoma ta leƙo madafa neman ƙarin tsumma, ta ce a hankali, "Jinin nan fa ya yi yawa." Iya ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ƙara ice a murhu.

Ana cikin haka sai ga mutane daga hanyar Kunci. Babbar motar takin zamani ta kafe a wani kwari, ruwa na ƙaruwa, in ba a ja ta ba takin ƙauyuka da yawa zai narke. Malam ya shigo cikin gida ɗaukar sarƙarsa, wadda ke rataye a jikin madafar. Suka yi ido huɗu da Iya.

"Ya ce min, 'Lafiya dai ko?' Na ce, 'Lafiya lau.'"

Haka take faɗin wurin, ba ta ƙari ba ta ragi. Ta ce ya daɗe yana naɗe sarƙar, ya warware ya sake naɗewa, yana satar kallon ƙofar ɗakin. Shi bai iya tambaya ba, ita ba ta iya faɗa ba. Da 'yar maƙwabta ce ke kwance, da tuni Iya ta tsaya a kansa sai ya tayar da mota. Ya saɓa sarƙarsa ya fita. Tana jin kukan Ɓauna yana nisa har ya ɓace.

Sai la'asar ya dawo, ya fitar da motar taki, yara na bin sa da ihu. Lokacin tafin hannun mahaifiyata ya yi sanyi, ba ta gane kowa. Unguwarzoma ce da kanta ta fita har ƙofar gida ta tare shi. Iya ta ce bai tsaya neman masu kamawa ba, shi ya sunkuce ta ya kai mota, rabonsa da ɗaukar ta tun ba ta iya tafiya ba. Iya ta hau baya, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Ni aka bar ni a hannun tsofaffi.

Ta ce tun da aka sayi motar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Suka iske rafi ya cika ya batse. Malam bai ko rage wuta ba sai da ya zo baki, ya sa ƙaramar giya ya faɗa. Ruwa ya shigo har inda suke zaune, amma injin bai yi ko gardama ba. Suna hawa gangaren can sai Iya ta ji kan ya yi nauyi a cinyarta. Ta duba, ta shafa idanun ta rufe su. Ta buga ƙarfen da ke bayan direba, ta ce, "Malam, juya." Bai juya ba. Ta sake bugawa. Ya ci gaba da tafiya har suka fara hango rufin kwanon gidajen Bici, sannan ya tsaya a tsakiyar hanya, ya kifa kai a kan sitiyari. Da ya ɗago sai ya juya, suka sake ratsa rafin. Ya ajiye motar a gindin ɗorawa, bai ƙara tayar da ita ba har ya bar duniya. Masu saye sun zo, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

"Kun gani," Iya takan ce, "abin da Allah ya rubuta, ko Ɓauna ba ta tsere masa. Wannan ba ta da ƙurunƙus. Ku tashi ku kwanta." Sai ta shafa kaina ta ce, "Talle, ɗauki rogonka, ya ƙone." A haka muka ɗauki labarin. Ni har alfahari nake yi, uwata ko tari ba ta yi ba.

Yanzu ina da gareji a Bacirawa cikin Kano, furfura ta fara fito min. Jikokin Ɓauna na nan a titi, amma sun zama motocin manya, baƙin gilashi da kujerun fata, mai su ba ya yarda taya ta taɓa taɓo. Aikin ƙauye motocin Japan sun karɓe shi. Jefi-jefi wani dattijo kan kawo min tsohuwar irin tamu, kuma bakinsu ɗaya: tana cin kayan gyara, tana zubar da mai, amma ba ta taɓa kwanar da su a hanya ba. In sun faɗa sai in ce gaskiya ne, in ci gaba da aikina. Na bi hanyar nan daga ƙauyenmu zuwa Bici ba adadi. Daga hantsi zuwa la'asar, mota za ta je ta dawo ta sake komawa.

Sau ɗaya na tambayi Iya, lokacin ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Na ce, "Iya, da kin ce wa Malam ba lafiya ba fa?" Ta ce, "Da wane bakin, Talle? 'Yar fari ce fa. Mutane su ce me?" Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Na yi fushi da ita, fushi mai tsanani, kuma na daɗe ina yi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma motar tana ƙofar gida da mai a cikinta, direban kuma uban yarinyar ne. Abin da ya rage kalma ɗaya ce. Sai bayan rasuwar Iya fushin ya fara sauka, da na tuna yadda take tona toka in ta zo wurin. Haka aka rene ta, haka aka yaba mata har ta tsufa. Kuma matar da aka hana ta kiran sunan 'yarta tana raye, aka hana ta kukan ta a gaban mutane bayan ta mutu, ba ta da wata hanyar yin zancenta sai ta fake da labarin mota. Duk shekara sai ta tara mu ta yi makokinta, mu kuwa muna cin gyaɗa.

Bara tawa 'yar farin ta dawo gida haihuwa. Abin ya zo da sauri, kafin a yi shirin asibiti har ta sauka a ɗakin uwarta. Ina ƙofar gida, na riga na juya tsohuwar motata ta kalli titi. Gwaggon matata ta fito da fara'a ta ce, "An sauka lafiya, an sami namiji."

Na ce, "Mabiyiya fa, Gwaggo? Ta faɗo? Jini fa?"

Ta riƙe baki. Maƙwabtan da ke zaune a kan benci suka sunkuyar da kai, wani ya yi 'yar dariya. Ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Malam Talle, 'yar fari ce fa! Ashe ba ka da kunya?"

Na ce, "Ba ni da ita, Gwaggo. Koma ki dubo min."

Na shiga mota na tayar, na zauna hannuna a kan giya. Ban kashe injin ba sai da ta sake fitowa ta ce ta faɗo.