Rufewa Daban, Ɗaurewa Daban

Mijinta bakaniken jirgin sama ne, irin waɗanda ke shiga ƙarƙashin fiffike da sifana bayan fasinjoji sun watse. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa ba, sai ranar da wani marfin gefen inji ya ɓalle a sararin sama, ya yi tasa tafiyar, ya faɗa gonar wani bawan Allah. Jirgi dai ya sauka lafiya, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Amma aka dakatar da maigida daga aiki har a gama bincike.

Kalma ɗaya ce ta ja masa. Da ya zo karɓar aiki ya tambayi abokinsa mai tashi daga aiki, "Marfin nan fa?" Abokin ya ce, "Na rufe." Ya rufe ɗin kuwa, sai dai ko noti ɗaya bai ɗaure ba.

To, an ce zaman gida sai mai gida, amma ban da wannan. Mutum ya dawo da sifanarsa, ya rasa jirgi, sai ya faɗa wa kayan ɗakinta. Ya ɗaure famfo har sai ta sa hannu biyu da ƙafa kafin ya buɗu. Ya ɗaure hannun tukunya, ya ɗaure ƙafar gado. Keken ɗinkinta ma ya sha ɗauri har ya daina juyawa.

"Maman yara, tukunyar gas fa?"

"Na rufe."

"Rufewa kika yi ko ɗaurewa?"

"Baban yara, don girman Allah! Kicin ɗin nan tashi sama zai yi?"

"Shi ma wancan haka ya ce mini."

Sai ta yi ƙwafa ta ƙyale shi, don ta lura tun ranar bai ƙara dariya ba, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Kullum addu'arta a mayar da shi bakin aiki, rabi don cikin yara, rabi don famfonta.

Allah ya amsa. Masu bincike suka kira shi, suka wanke masa kai da faɗa, sannan suka ce tunda ya sha wuya, shi zai riƙa bin kowane marfi yana taɓawa kafin jirgi ya tashi. Ranar komawarsa aiki ta raka shi har bakin ƙofa tana hamdala, ta koma kicin ta ɗora tukunya, ta jawo jarkar mai. Ta murɗa. Ta sa tsumma. Ta sa haƙori. Marfi ko gezau.

Ta buga masa waya tana haki. "Baban yara, me ka yi wa jarkar man nan?"

"Ai rufewa kawai na yi."

"Wallahi ɗaurewa ka yi!"

Sai ta ji ya fashe da dariya, har ta danne ƙarar jirgin da ke bayansa. Ta ja tsaki, ta tafi neman wuƙa ta huda jarkar.