Hannun Daman Othniel Mai Gilashi

Duk wanda ya san layin masu alminiyom a Muchia, cikin Sabon Garin Zariya, ya san Othniel mai gilashi, in kuwa ya san shi sosai to ya san nauyin hannunsa na dama. Da wannan hannu yake yanka gilashi, da shi yake cin tuwo, da shi kuma yake dukan mutane. Ba ƙazafi ba ne, shi da kansa ba ya musu. Shekara kusan talatin yana sana'ar, kuma babban abin alfaharinsa a duniya shi ne yatsunsa goma cif. A layin nan kowa da tabonsa, wani babu ɗan yatsa, wani hannu ya shanye. Shi kam sai ya ɗaga tafinsa ya buɗe ya rufe a gaban mutum, ya ce, "Duba da kyau, gilashi bai ci komai nawa ba."

Amma ya ci. Ya ci wansa.

Othniel yana da shekara ashirin da biyu ya baro ƙauyensu a wajen Zonkwa, ya biyo wansa Japheth wanda ya riga shi shiga sana'ar. Wata ranar Talata da hantsi suna sauke babban gilashi daga mota, Japheth a gefe ɗaya, shi a ɗaya gefen, kowa ya naɗe hannu da tsumma kamar yadda ake yi a lokacin. Gilashin ya karkace. Japheth, mutumin kirki mai tausayin kayan mutane, ya kai ƙirji ya rungume shi don kada ya faɗi. Gilashin ya tsage a jikinsa, wani ɓari mai tsawon takobi ya shige masa cinya ta ciki. Jini ya yi tsalle har kan rigar Othniel. Aka jefa shi a bayan a-kori-kura aka nufi asibiti, ko Kwangila ba a kai ba ya cika, kansa a cinyar ƙaninsa.

Daga ranar Othniel ya kafa doka ɗaya: in gilashi ya tashi tafiya, a ba shi hanya. Ba a tarewa, ba a cafewa, tsalle ake yi baya a bar shi ya farfashe. Dokar tana da kyau, babu mai ja. Yadda yake koyar da ita ne abin tsiya, domin bai taɓa zama ya yi wa kowa bayani ba, sai dai mutum ya ji a jikinsa.

Tambayi Jafaru. Jafaru ɗan gidan dukawa ne daga cikin birnin Zazzau, kakanninsa duk jima da ɗinkin fata suka yi, da kasuwar ta mutu ya fito neman abin yi ya faɗo shagon Othniel. Sa'o'in juna ne, amma shi siriri ne mai sanyin magana, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. A watansa na biyu wani gilashin taga ya zame daga kan tebur, Jafaru ya tare shi da gwiwa da hannu, bai fashe ba, bai kuma ji masa ciwo ba. Ya ɗago yana murmushi yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Naushi ya samu a baki. Haƙorinsa na gaba ya faɗi cikin ɓarɓashin alminiyom, jini ya cika masa haɓa. Othniel ya ɗauki gilashin da aka ceta ya maka shi da ƙasa, ya ce, "Haka ake yi da shi." Jafaru ya tsinci haƙorinsa, ya kurkure baki, ya tafi sallar la'asar. Kowa ya ce ya tafi ke nan. Washegari da safe sai ga shi ya dawo, ya kama ɗaya gefen gilashi, kuma shekara goma sha tara bai saki ba.

Ba Jafaru kaɗai ba. Akwai ɗan acaɓar da ya ga madubi zai faɗi ya kai hannun taimako, Othniel ya shaƙe shi ya haɗa kansa da ƙofar shago har sai da 'yan sanda suka shigo maganar. Akwai maginin da ya sha mari a gaban leburorinsa. Fasto ya kira shi ya yi masa nasiha ta fi a ƙirga. Matarsa Martina, wadda bai taɓa ɗaga wa ko yatsa ba, ta gaji da zuwa ba mutane haƙuri. Takan ce masa, "Baban Christabel, bakin nan da Allah ya ba ka na cin abinci ne kawai? Ka yi wa mutane magana mana." Sai ya ce magana ba ta tsayar da jini. Hali zanen dutse.

Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan kasuwa mai suna Ugo ya kawo wani abu daga Legas. Baƙar roba ce zagayayya kamar faifai, da mariƙi a bayanta, a jikin mariƙin akwai ɗan famfo mai jan layi. Za ka manna robar a fuskar gilashi, ka yi ta danna famfon da babban yatsa yana zuƙe iskar da ke tsakani, har jan layin ya shige ciki ya ɓace. Shi ke nan ta kama, sai ka ɗaga gilashi kamar jaka, hannunka bai kusanci bakinsa mai kaifi ba. In jan layin ya leƙo, iska ta fara shiga, sai a ƙara famfo ko a sauke. 'Yan layin suka sa mata suna matsattsaku, saboda yadda take tsotsa ta liƙe.

Da farko Othniel ya kusa dukan Ugo. Wai shi za a ce ya rataya ran mutum a jikin roba? Ugo ya ce ya gwada. Othniel ya manna ta a gilashin ƙofar shagon Ugo ɗin, ya yi famfo, ya kama mariƙin ya ɗage ƙafafunsa, ƙato mai nauyin buhun masara yana lilo. Robar ko gezau. Ya sauko ya daɗe yana kallonta. Abin da ke ransa, da akwai wannan a waccan Talatar, da Japheth yana nan da jikokinsa. Ya sayi biyu.

Ya ƙaunaci matsattsakun nan fiye da yadda ya kamata mutum ya ƙaunaci roba. Ya sa Martina ta ɗinka musu jaka. Kullum shi ke goge su da busasshen farin ƙyalle, ya duba bakinsu, ya mayar. Ya san abin da Ugo ya gaya masa, cewa maiƙo shi ne ajalinsu, ko ɗigo ɗaya ya taɓa robar za ta tsotsa daram amma gilashi ya sulale a ƙarƙashinta. Bai gaya wa kowa wannan ba. Abin da ya ce wa Jafaru kawai shi ne, "Ka riƙe in na miƙa maka, ka ajiye in na ce ajiye."

A bazarar bara, lokacin da zafin Zariya ke narkar da kwalta, suka sami aiki a Samaru: sabon kantin magani a saman bene, bakin hanyar Sakkwato, mai son a rufe gabansa da gilashi ɗaya tak, ƙafa takwas a tsaye, biyar a kwance, mai kauri. Nauyinsa ya haura buhun siminti biyu. Hanyar hawa kuwa matakala ce ta waje, ƙunci gare ta, da ƙarfen dafawa a gefe ɗaya, bango a ɗaya gefen, ga kwana a tsakiya.

Abin da Othniel bai sani ba shi ne, da safen nan, yayin da ya hau sama yana sake awo, Jafaru ya buɗe jakar ya ga robobin sun yi fari-fari sun bushe saboda zafi. Ɗan dukawa bai iya ganin abu ya bushe ya ƙyale ba. A gidansu duk fatar da ta yi haka man kaɗanya take nema, kuma kullum da ɗan gwangwaninsa a aljihu saboda faso. Ya lakata kaɗan ya shafa, ya murza da kyau har suka yi baƙi wul suna sheƙi, ya mayar cikin jaka yana jin daɗi a ransa ya kyauta wa ogansa. Garin neman gira ke nan.

Suka manna, Othniel ya yi famfo da kansa, jan layi ya ɓace a duka biyun. Shi ya hau gaba yana tafiya da baya, Jafaru a ƙasa yana turowa, gilashin a tsaye a kan gefensa tsakaninsu. Taku ɗaya, taku biyu, har tara. Sun iso kwana, bayan Jafaru ya jingina da bango, bakin gilashin na ƙasa yana saitin maƙogwaronsa, sai Othniel ya ji nauyi ya ragu a hannunsa. Ya dubi famfo, jan layi bai fito ba. Ya dubi robar, ya ga gilashin yana zamewa a ƙarƙashinta a hankali kamar jiƙaƙƙen sabulu, yana barin sawun maiƙo.

Ya san abin da doka ta ce. Shi ne a sama, taku ɗaya baya ya tsira da yatsunsa goma. Ya ga fuskar Jafaru ta cikin gilashin, baki buɗe, giɓin nan a fili, babu inda zai matsa.

Othniel ya saki mariƙin ya damƙi bakin gilashin da hannun dama. Kaifin ya bi tafinsa ya ratsa nama har ƙashi, bai saki ba, ya saƙala damtsensa ya fizgo gilashin gefe da dukan ƙarfinsa, ya haɗa shi da ƙarfen dafawa. Ƙarar ta kai har tsallaken titi. Rabin gilashin ya kifa ta kan ƙarfen ya tarwatse a ƙasa inda babu kowa, ɗaya rabin ya tsage a kan hannunsa ya buɗe shi daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ya ga farin abu yana motsi a cikin naman kafin jini ya rufe. Ya zauna a kan matakalar, jinin yana gangarawa taku bayan taku har ya iske ƙafafun Jafaru.

Jafaru, wanda ko ƙwarzane bai samu ba sai a kunne, ya hauro a kan fasassun gilashi, ya yage rigarsa ya ɗaure hannun sama da gwiwa, ya zura sukundireba ya murɗa har Othniel ya yi ƙara. Sannan mutumin nan da ba ya korar kaza ya ɗaga hannu ya sharara wa ogansa mari, yana kuka. "Ba kai ka ce a ba shi hanya ba? Ba kai ka ce ba?" Ya ƙara masa wani. Masu kallo ne suka janye shi, suka sa Othniel a keke mai ƙafa uku aka yi asibitin Shika da shi.

Likitoci suka yi awa biyar a kansa. Hannun ya tsaya a jikinsa, amma jijiyoyi sun tsinke, suka ce yatsun ba za su ƙara dunƙulewa ba. Othniel ya juya fuska bango, Martina ta ji kukan mijinta karo na farko tun da aka ɗaura musu aure.

Kwana na huɗu da rana Jafaru ya zo da lemo a leda. Ya tsuguna gaban gado, ya fito da gwangwanin man kaɗanya ya ajiye a kan zanin gadon, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba. Idon Othniel ya kaɗa ya yi ja. Tsohuwar wutar ta taso masa tun daga ciki, kafaɗarsa ta ɗaga da kanta, hannun ya tashi cikin bandeji, yatsun a miƙe sun ƙi lanƙwasa. Jafaru bai kauce ba, sai ma ya matso da fuskarsa.

Hannun ya koma kan gado. Othniel ya ce, "Don me ba ka tambaye ni ba?"

Jafaru ya taɓa giɓinsa da harshe, ya ce, "Oga, wa ya taɓa tambayarka abu ya tafi da bakinsa lafiya?"

Martina da ke zaune a gefe ta ci gaba da ɓare lemo. Othniel ya daɗe yana kallon gwangwanin. Abin ya yi masa ciwo fiye da ɗinkin da ke hannunsa, domin gaskiya ce.

Shagon yana nan a Muchia har yau. Jafaru ne ke riƙe da abin yanka, Othniel yana danne ma'auni da hagu, hannun daman a kwance kan cinya, yatsu biyar cif amma ko kofin shayi ba sa ɗauka. An sayi sabbin matsattsaku, kuma duk wanda zai taɓa su sai ya zauna a benci ya sha bayani tun daga jan layi har zuwa maiƙo, bayani mai tsawo har mutum ya ƙosa. Zafin ran bai tafi ba, yanzu a baki yake fita. Dokar ma tana nan, yana faɗinta da ƙarfi: in gilashi ya tashi tafiya, a ba shi hanya. Wani lokaci mai ƙarfin hali cikin masu saurare yakan dubi tabon nan mai kama da ɗinkin buhu, ya ce, "To Baba, kai me ya sa ka tare?"

Sai Othniel ya nuna Jafaru da haɓa, ya ce, "Wancan mai giɓin ne a ƙasa."