Littafi na Uku a Buhun Gero

Kakarmu Iya Hajo ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, wuta ta koma garwashi. Mu kewaye ta a tsakar gidanmu na Madarumfa, sauron tabki na cizo, ba mai tashi. Ni da ƙanwata Rabi kullum ture-ture muke kan wadda za ta jingina da gwiwarta.

Akwai wata tatsuniya da ta zauna mini a rai. Wani masunci ne kullum yake tarar da komarsa ta kamun kifi a huje. Ya rantse maƙwabcinsa ne, tunda shi kwandonsa cike yake dawowa. Ya bar ɗinki, ya bar zuwa su, ya koma laɓe yana gadin mutum. A nan Iya take tsayawa.

“To, ’yan nema, wa ke hudawa?”

Rabi ta ce, “Ɓera!”

Ɓeran ɗakinsa ne kuwa. Iya ta dafa kan Rabi ta ce, “Wannan kai, Allah ya tsare shi daga bakin mutane.” Ni kwana na yi ban kula Rabi ba.

Rabi ta gama lakwal, wato boko, ni a aji uku na tsaya. Yanzu akwai wata marubuciya da Rabi take mutuwar so, mai labaran ɓatan mutane da bincike. Wani direban garin Ɗan Issa ke kawo mata littattafan daga Katsina, na ɗaya, na biyu, na uku. La’asar na yi sai ta karanta wa ɗiyata Nana, har da sauya murya. Nana ta daina roƙona tatsuniya. Ko kitso nake mata, zancen ke nan: “Inna, Tanti Rabi ta ce mai gadin ne, ni ban yarda ba.”

Ranar da za su shiga na uku, na cusa littafin cikin buhun gero. Suka birkice ɗaki. Nana ta ƙi cin tuwo. Da safe na lallaɓa na ajiye shi bisa tabarma. Ta buɗe, ƙwayar gero ta zubo.

“Inna, ke kaɗai ke buɗe buhun nan.” Ta dube ni. “Tsoro yake ba ki?”

Na ce a’a. Yaya zan gaya wa yarinya abin da nake tsoro?

Da ina yi wa masuncin nan kallon wawa. Sai da na haihu na san yadda mutum ke barin nasa ya tsaya gadin na wani. Da la’asar na jawo kujerata kusa da su ina gyaran zogale. Rabi na karatu, sai ta ɗaga murya don in ji. Ko wannan ma sai da ya ba ni haushi.