Motar Malam Haruna Mai Ƙofar Ruwa

Na daɗe riƙe da sitiyari, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ranar da na sa aka fitar da motoci biyu daga wurin dillali aka kai su cikin taɓon gefen kanal, ita kam ba ta cikin waɗanda zan manta. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai in tafi gida, wannan zan ba ku, musamman ku ƙananan direbobi, ko da yake ba motar ofis ba ce.

A lokacin ni ne babban direba a sashen motoci na ofishinmu na noman rani. Ga wanda bai san tsarin ba, mutum yakan fara da yaron mota, yana wanki yana duba ruwa da baƙin mai, daga nan a ba shi mota ya zama direba. Babban direba shi ke raba aiki da safe, shi ke ba da izini kafin mota ta fita, kuma shi ake kira idan ta kafe a hanya. Saboda haka duk ma'aikacin da zai sayi mota ni yake nema in raka shi. Ba a rubuta wannan cikin aikina ba, amma ya zame mini dole. Shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, wayar hannu ta fara shiga ƙauyuka, man fetur kuwa yau akwai gobe babu.

Malam Haruna mai kula da ƙofar ruwa ne, wato shi ke buɗewa da rufewa don ruwa ya isa gonaki bi da bi. Ƙauyensu yana can wutsiyar kanal ta wajen Bunkure, inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Ya yi ritaya a shekarar, aka biya shi haƙƙinsa, ya haɗa da abin da tumatirin rani ya bar masa. Da farkon damina sai ga shi a garejinmu da tsohon kekensa, ya ce mota yake so, mai jan taya huɗu, wadda taɓo ba ya tsayar da ita.

Na yi dariya na ce, "Malam Haruna, kai da ko babur ka ƙi saya? Ko angonci za a sake ne ba mu ji ba?"

Bai yi dariya ba. Ya jingine keken ya zauna, ya gaya mini abin da ban sani ba. A daminar da ta wuce naƙuda ta zo wa matar ɗansa Sagir da gardama. Babu mota ko ɗaya a ƙauyen. Motar hayar da aka kirawo daga Kura ta kafe a rabin hanya, sai a amalanken shanun wani maƙwabcinsu aka ɗauko ta. Kafin a isa asibiti ɗan ya koma, ita ma da ƙyar aka samo kanta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yarinyar ta sake yin nauyi, Ado. Cikin marka ake sa rai." Kunya ta kama ni saboda wasan da na yi. A wurin na ƙudurta a raina cewa ko me za a yi, motar da za mu sayo sai ta kai yarinyar nan asibiti.

Na shiga wurin Injiniya, shugaban ofishinmu, na nemi izinin fita. Ya ce, "Ado, ka san makon duba kanal ne." Na ce, "Yallaɓai, na riga na raba aikin, kowace mota da direbanta." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce tunda na riga na yanke hukunci me na zo nema, in tafi.

Mu uku muka shiga Kano, ni da Malam Haruna da Sagir. Sagir matashi ne mai zafin nama, yana bin motocin tumatir zuwa kudu, a can ya koyi tuƙi. Shi ne ɗan fari, don haka uban ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye idan akwai wani a wurin. Mun zaga wurare kafin mu tsaya wajen wani Alhaji mai sayar da motoci 'yan Kwatano. Can ƙarshen layi akwai wata baƙar jif, ƙatuwa, mai silinda takwas, kujerun fata, tayoyi har ƙugu. Abin mamaki ga wanda bai sani ba, farashinta bai fi na ƙananan da wani abin kirki ba. Ni na san dalili: idan mai ya yi wuya, masu irin waɗannan motoci gudunsu suke yi.

Sagir ya kewaya ta yana shafa jikinta. "Baba Ado, wannan ita ce! Orijina ce wallahi. Ko kogi ta faɗa sai ta fito."

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya bi bayan amalanke a ƙasa yana jin kukan matarsa, motar da ta fi kowace ƙarfi a duniya zai so. Amma ni idona yana kan wata mai ruwan toka a gefe, mai silinda huɗu, ba ta da kwarjini ko kaɗan, sai dai cikinta ya ɗaga daga ƙasa sosai, tana da ƙaramar giyar nan da ke sa tayoyin huɗu su ja tare, kuma kujerar bayanta tana kwantawa. Na ce a gwada su duka biyun.

To, ga yadda dillalai suke gwaji. Tanki kusan a bushe yake, a ɗiga ɗan mai, ka zaga layi ɗaya a kan kwalta ka dawo, ka ji inji yana ƙara mai daɗi, shi ke nan a ce ka gwada. Na ce wa Alhajin ni ba haka nake so ba, hanyar ƙauyen Malam Haruna za mu kai su. Ya yi tsalle ya dire, ya ce tunda yake sana'ar nan ba a taɓa yi masa wannan raini ba, motarsa ba tarakta ba ce. Na ce mu tafi. Sagir ya sha kunu har muka iso Kura.

Washegari na koma ni kaɗai. Na zauna a bencin Alhaji tun hantsi, na sha shayinsa, na taya shi hira da baƙinsa, na ƙi tashi. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne ya ce, "Wai kai bawan Allah me kake so da ni?" Na gaya masa gaskiya. Na ba shi labarin amalanken, na kuma ƙara masa da cewa akwai ma'aikatanmu da dama da ke gab da ritaya, kuma duk ni za su tambaya inda za su je. Ban san wanne ne ya fi shigarsa ba cikin biyun. Ya dai yarda, da sharaɗin mu za mu sayi mai, kuma ƙafarsa ƙafar motocinsa.

Ranar gwajin ya fito cikin farar shadda an sha guga. Na tsiyaye ragowar man da ke cikin tankunan biyu, muka sayi jarka ɗaya wurin 'yan bumburutu, na raba ta daidai a gaban kowa, rabi nan rabi can. Na ɓoye wani galan a bayan ƙaramar saboda tsaro. Sagir ya ja babbar, Alhaji a gefensa, ni da Malam Haruna muka bi su a mai ruwan toka.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Da muka sauka daga kwalta muka hau hanyar gefen kanal, shinkafa ta fara kore hagu da dama, hanyar kuwa ta zama kunu. Akwai wani wuri da magudanar ruwa ta ratsa hanya, a nan motar haya ta kafe bara. Zan faɗi gaskiya, babbar ta wuce wurin ko gezau ba ta yi ba, Sagir har da fito da hannu yana ɗaga mana. Ni sai da na tsaya na sa ƙaramar giya, na shiga a hankali, ta yi gurnani ta yi 'yar rawa, sannan ta haye. Muka isa ƙauyen, yara suka yanyame baƙar, ko kallon tawa ba wanda ya yi. Amma na ce ba a gama ba, mu juya zuwa Kura inda asibiti yake, domin tafiyar da ake sayen motar saboda ita ke nan.

Ba mu kai kwalta ba baƙar ta fara tari. Ta yi gaba kaɗan, ta sake tari, ta mutu a tsakiyar hanya, kanal a dama, gonar shinkafa a hagu. Alhaji ya sauko tsulum cikin taɓo da farar shaddarsa yana cewa ƙafar yaron ce ta yi nauyi a kan totur. Na kira su na nuna musu allurar mai ta ƙaramar, da sauranta.

Sagir bai saduda ba. Ya ce, "Baba Ado, ai wannan mai sauƙi ne. A cika mata tanki a ajiye ta a gida a rufe. Ba wanda zai taɓa ta sai ranar haihuwa."

Maganar tana da ma'ana. Sai Malam Haruna ya juyo wurina, ba wurin ɗansa ba.

"Ado, tambayar mini yaron nan. Idan Tanko ya zo, wanda ya kwance shanunsa cikin ruwa ya ba mu amalanke, ya ce maciji ya sari ɗansa, ce masa za a yi an rufe mota? Ko ce masa za a yi ya kawo kuɗin mai? Idan aka yi rasuwa a Madobi, tsofaffin unguwa suka taru a ƙofar gidana, wa zai fita ya kore su? Shi ko ni?"

Sagir ya kawar da kai yana kallon ruwan kanal. Kowa a wurin ya san amsar. A ƙauyukanmu motar farko ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Mara lafiya, mai naƙuda, 'yan ta'aziyya, duk ƙofarka za su zo, kuma ba a buɗe baki a tambayi mai ɗauke da mara lafiya kuɗin mai. Wanda ya yi haka ya gama zubar da mutuncin gidansa. Ni abin da na auna shi ne nisan da kowace mota za ta yi da rabin jarka. Shi kuwa tsohon ya riga ya san cewa tankin motarsa ba zai taɓa kwana a cike ba.

Na ce wa Sagir, "Babbar ta fi ƙarfi, ban musa ba. Amma ranar da za ka neme ta, a bushe za ka same ta." Ya share fuska da hannun riga ya ce, "A ɗauki ƙaramar."

Na zuba wa baƙar galan ɗin da na ɓoye muka mayar wa Alhaji kayarsa. Aka yi ciniki, aka yi takardu. Kafin in sallame su na sa aka sauya tayoyi biyu da suka siɗe, na kwantar da kujerar baya muka gwada shimfiɗa katifa, ta shiga. Na koya wa Sagir kada ya sa ƙaramar giya sai a taɓo, domin ita ma idan aka bar ta a kan kwalta mai take sha.

Da marka ta kankama sai gidajen mai suka rufe, layi tun daga bakin famfo har kan titi, motocin ofis ma rabinsu muka ajiye. Kullum na wuce mahaɗar hanyar ƙauyensu sai gabana ya faɗi. Ni na kafe a kan motar nan, idan ta ba da kunya da wane ido zan kalli Malam Haruna?

Wata safiya ina raba aiki sai ga mai ruwan toka ta shigo gareji, ba ka gane launinta saboda taɓo. Sagir ya fito, idanunsa jajur. Ya ce a makon nan kaɗai ya kai wani tsoho asibiti, ya kai mata gaisuwar mutuwa, ya ɗauko wani da injin casa ya yanke, kuma bai samu ya ƙara mai ko sau ɗaya ba. Jiya bayan azahar, ana tsaka da ruwa, naƙuda ta tashi. Ya kunna mota allura tana kusa da ja. Mahaifiyarsa da ungozoma suka shiga baya da matarsa. A magudanar nan ya sa ƙaramar giya yana salati, motar ta haye.

Na ce, "Kai, gaya mini, kun isa?"

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Mun isa, Baba Ado. Mace aka samu. Tana kuka, da ƙarfi ma. Uwar tana lafiya, har ta sha kunu."

Sai ya fashe da kuka a gaban direbobina. Ni ma na zaga bayan wata babbar mota na ɗan daɗe kafin in fito. A duk shekarun aikina ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu direbobi mun iya kallon inji da taya, kuma ya kamata mu iya. Amma mota ba a filin dillali za ta zauna ba, cikin mutane za ta zauna. Don haka duk ranar da wani ya ce ku raka shi sayen mota, ku kai ta hanyar gidansu ko da dillali zai zage ku. Kuma kafin ku buɗe kan inji, ku tambaye shi su wane ne za su zo ƙofarsa waɗanda ba zai iya ce musu a'a ba.