Wa Ya Gurgunta Mala?

Mala ɗan Fagge ne gaba da baya, ko da yake har gobe Kanawa ba su fasa ce masa Babarbare ba. Kakansa ne ya taho daga Barno da fataucin kanwa, ya ga Kano ta karɓe shi, ya kwance kaya. Shi Mala bai gaji fatauci ba, wuya ya gada, mai kauri irin na 'yan dako. Tun yana saurayi yake sauke dilolin atamfa a tashar jirgin ƙasa. Da jirgin ya fara ciwon ajali sai ya koma Kantin Kwari, inda manyan motoci ke juye kaya. Da wannan wuyan ya auri Kubura, da shi ya aurar da 'yarsu Khairiyya, bai taɓa roƙon kowa ba.

Ana dab da soja su miƙa mulki tsautsayi ya same shi. Wata babbar mota ta wani kamfanin sufuri ce ke ja da baya, babu mai duba wa direba, ta matse ƙafar Mala da bango. Ƙashi ya karye biyu a ƙasan gwiwa. Aka kwashe shi sai asibiti, likita ya ce za a yi aiki a sa ƙarfe. To, mutumin da ke gadon kusa da shi an yanke masa ƙafa, kuma matan da ke zuwa dubiya ba su bar Kubura ta sha ruwa ba: "Ke, zauna nan ki ga aiki! Waɗannan ai yanka suka iya." Tsoro ya ci ta. Mala na cikin zazzaɓi bai san inda kansa yake ba, ta sa hannu ta fitar da shi, ta kai shi wurin wani maɗori a ƙauye. Ƙashi dai ya kama, amma a karkace, ƙafar kuma ta gajarce. Dako ya ƙare ke nan.

Kamfanin kuwa, an ce mai shi yana da manya a bariki. Suka aiko da buhun shinkafa da "Allah ya kiyaye gaba". Wa ya isa ya ce uffan a lokacin?

Sai ga farar hula sun hau. Rediyo ba shi da zance sai 'yancin talaka, ko acaɓa ka hau sai ɗan acaɓar ya gaya maka yanzu kowa na iya maka kowa a kotu. Nan Kubura ta taso Mala a gaba. Ita ke riƙe da gidan yanzu da sayar da turaren wuta da humra, amma ko tana tsakiyar haɗa turare sai ta ɗago ta ce, "Malam, ka nemi lauya. So nake alƙali ya faɗa da bakinsa, direban nan ne ya mayar da kai haka." Mala ya san ba diyya ce ta hana ta barci ba. Matar nan ta rame, ta daina zuwa biki, kullum tana jiran wani mai iko ya ce ba ita ba ce.

Haka ya ɗauki sanda ya shiga gari, wayyo, ya sha yawo! A bakin kotu ya haɗu da wani mai koɗaɗɗiyar kwat da ya yi ta zuba masa Turanci, ashe mai buga takardun rantsuwa ne. Wani lauyan na gaske ya dubi silifas ɗinsa, ya ce ya dawo wani makon, makon da har yau bai zo ba. Sabon kansilansu, wanda Mala ya dogara sanda ya je ya jefa wa ƙuri'a, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, daga ranar ko inuwarsa bai sake gani ba. Kullum ya dawo ƙafa a kumbure, Kubura ta gasa masa da ruwan zafi, gari na wayewa ta miƙo masa sanda.

Nwabueze ne ya yanke masa wahala, wani Ibo mai shagon leshi da Mala ya yi wa dako shekara da shekaru. 'Yan kasuwa Buze suke ce masa don harshe ya huta. Ya ce, "Mala, ka daina gantali. Je ka Sabon Gari wurin Nneka, 'yar yayana ce. Aikinta ke nan, shari'ar waɗanda mota ta buge."

Ofishin a saman bene yake, kan wani shagon kayan gyaran mota, ga matakala a tsaye. Mala ya hau yana hutawa, ya isa jiƙe da gumi, ga ba wuta, fanka tsit. Barista Nneka haifaffiyar unguwar ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ba shi ruwa, ta bar shi ya zayyana komai ba ta katse shi ba.

"Baba, ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Direban da ya ja da baya ba mai duba masa ya yi sakaci. Tunda kuma aikin kamfani yake yi, kamfani ne zai ɗauki alhakin, shi da masu inshorarsa. Buhun shinkafa bai wanke su ba, lokacin shigar da ƙara ma bai wuce ba."

Mala ya ji wani sanyi a ƙirji. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe dai da magana."

"Da magana, amma ban gama ba. Kotu ba ta tsayawa a kan wa ya buge ka, sai ta auna wace ɓarna ce ta fito daga hannun wa. Karaya tasu ce, ba su da bakin musu. Gurguntar fa? Lauyansu zai kawo likita ya ce da an bar ka a asibiti da yanzu kana tafiya da ƙafarka. Wa ya fitar da kai?"

Ya ce, "Mai ɗakina."

"To, ita za su kira. Za ta tsaya gaban jama'a, lauyansu ya yi ta juya ta: likita bai hana ki ba? Ke kika sa hannu ko wani? Ba zan ɓoye maka ba, Baba, za mu iya cin rabin shari'ar, ka sami abin riƙe kanka. Amma hukuncin zai raba laifi biyu, kuma sunanta na cikin kashi na biyun."

"Ba yadda za a yi a bar ta a gida?"

"In ni na bar ta, su ba za su bar ta ba."

Mala ya dubi ƙafar nan da ke miƙe a gabansa. Yana son haƙƙinsa, wallahi yana so. Ya gaji da zama, ya gaji da cin gumin mace, ya gaji da yaran da ya koya wa ɗaukar dila suna sunna masa na goro. Ga ƙofa ta buɗe bayan duk wannan yawon, sai dai Kubura za a taka kafin a shiga. Ya jawo sandarsa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ke kaɗai kika gaya mini gaskiya."

"Ka je ka yi shawara, Baba."

"Na yi."

Saukowa ta fi hawa wuya. Bai hau acaɓa ba, ya taka a hankali daga Sabon Gari har Fagge, yana tsayawa a inuwar shaguna, don bai shirya abin da zai faɗa ba.

Ya tarar da ita a tsakar gida gaban kasko, hayaƙin turare ya cika ko'ina. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce laifin direba ne."

Kubura ta ajiye ludayin hannunta. "Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Haka doka ta ce."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "To, yaushe za a shiga kotun?"

"Ba za a shiga ba. Na yafe musu."

Kai, ranar Fagge ta ji muryar Kubura! Ta miƙe ta riƙe ƙugu, ta ce ba ta taɓa ganin sakarci irin wannan ba, mutum ya sha rana wata da watanni, gaskiya ta zo hannunsa ya watsar. Ta ce an cuce shi, an nakasa shi, shi kuma ya tsaya neman suna wurin waɗanda ko gaisuwa ba su sake aiko masa ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, suka ji, suka ba ta gaskiya.

Mala ya jingina da bango, ya miƙe ƙafar da ke masa zugi. Ya bar ta ta yi ta faɗa da dukkan ƙarfinta, faɗan wadda ta tabbata ba ta da laifi.