Maɓallan Bukar Suna Hagu

A watan nan aka cika shekara ashirin da shida da muka kai Bukar makwancinsa a Damagum. Sai da na ƙirga sau biyu, don ban yarda ba. Ɗansa da ya bari a goye yanzu shi ma uba ne. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, amma bana na ga shirun ya isa haka. Akwai abin da na yi wa bawan Allahn nan wanda babu alƙalin da zai kira shi laifi, ni kuwa har yau bai bar ni na sake ba.

Bari in faɗe shi tun yanzu, kada in ja ku da nisa. Hannun daman Bukar ya yi kusan shekara yana mutuwa a hankali, yana zaune gab da ni kullum, ban gani ba. Da rashin ganin ne kawai da sauƙi. Dabarar da ya ƙirƙiro don ya ci gaba da abin da yake so da hannun da ya rage masa, ni na rushe ta, ina ganin gyara nake yi.

Bukar mai gyaran rediyo da talabijin ne, rumfarsa na kallon shagona a kan hanyar Damaturu, nan Potiskum. Ni kuma ina da kwamfuta guda ɗaya tak da firinta mai ƙara kamar injin niƙa, ina buga wa jama'a takardun neman aiki da katin biki. Shi Babarbare, ni Bafulatanin da kakansa ya zo daga Kano da fatauci, don haka tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Shi ya ce "Fulata", ni in ce "bawana". Wannan wasan gado ne, mun tarar da shi, kuma yana da daɗi. Sai dai yana ba mutum damar faɗin abin da ya ga dama ba tare da ya dubi fuskar wanda yake faɗa wa ba.

Yana da wata tsohuwar na'urar gem da ake haɗawa da talabijin, wadda ya sayo a Kano tun yana saurayi. Wata rana masu wuta suka kawo ta da ƙarfi, na'urar ta ƙone ƙurmus. Mutumin da ke tayar da matattun rediyoyin gari ya kasa tayar da tasa. Ya zuba kaset-kaset ɗin wasannin a kwali ya tura ƙarƙashin benci, lokaci-lokaci ya ɗauko ɗaya ya hure ƙurar ya mayar. Akwai wani wasan jirgin sama mai hawa takwas da ya maƙale a hawa na shida lokacin da abin ya faru, kuma wannan ya tsaya masa a rai fiye da yadda ya kamata ga magidanci mai mata da ɗa.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wani abokin karatuna da ke Jos ya aiko min da disket uku, da 'yar takarda cewa a ciki akwai furogiram da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi irin waccan na'urar, da wasanni kaɗan. Yau yara suna ce masa emuleta, suna sauke shi a waya kafin shayi ya huce. Mu kuwa sai da ya ci mana mako uku. Da farko allon ya yi baƙi ƙirin ya tsaya. Muka gane sai an rufe komai an koma baƙin allon nan da ake rubuta umarni da hannu, don ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta isa ta ɗauki abu biyu ba. Hoto ya fito, babu sauti. Sauti ya zo, sai ka ce akuya aka shaƙe. Muka yi ta canza lambobi biyu a wani ɗan fayil na saiti, mu gwada, mu sake, Bukar na rubuta kowane gwaji a bayan kwalin batir don kada mu maimaita. Da sauti ya daidaita sai jirgin ya koma tafiyar hawainiya, sai da muka sa furogiram ɗin ya riƙa tsallake hoto ɗaya cikin biyu.

Ni ke karanta Turancin, shi ke da haƙurin. Ranar da kiɗan wasan jirgin ya fito tsaf daga sifika, bayan la'asar ne wata Alhamis, Bukar ya miƙe tsaye ya zauna ya sake miƙewa. Bai tsaya nan ba. Ya yanko wayar tsohon fad ɗinsa, wato abin riƙewar da ake wasan da shi, ya yi mata dalma a kan irin bakin da ake soka firinta, ya yi kwana huɗu yana gwada waya ɗaya-ɗaya har kwamfuta ta amsa. Na riƙa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ina nufin ni da shi. Na sha maimaita wannan karin maganar har bayan ciwon ya fara, ban san yadda take sauka a kunnensa ba.

Alamu sun zo, ɗaya bayan ɗaya, kowacce na ba ta wata fassara. In zai ba mutum hannu sai ya tallafo wuyan hannunsa na dama da na hagu, yadda ake yi wa manya. Dattawan masallacinmu suka yi ta sa masa albarka, wai yaron nan ya ƙara ladabi. Da ya yi min haka ni kuwa na ce madalla, bawa ya gane ubangijinsa. Ashe ɗaga hannun yake yi, don ba ya tashi da kansa. Ya daina sa hannu a kwanon da muke ci tare da rana, yau ya ce azumin nafila yake, gobe ya ce ya ci a gida. Ya fara mayar wa mutane rediyoyinsu ba gyara, wai idonsa ya gaji da ƙananan wayoyi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na Bukar rijiya ne.

Sannan ya ce fad ɗin ya lalace, zai koma wasa da kibod, wato maɓallan kwamfutar. Na gwada fad, lafiyarsa lau. Na ce sabon salo ne irin na Barebari, na bar shi. Kashegari na zauna zan yi wasa, na danna maɓallan kibiya da ke dama, waɗanda ke juya jirgin, jirgi ya ƙi motsi. Na ɗauka cuta ce ta shiga kwamfutar. Na yini ina bincike, na goge furogiram ɗin, na sake kwafo shi daga disket, komai ya dawo daidai. Bayan kwana biyu abin ya sake rikicewa. Sai a karo na uku na buɗe fayil ɗin saiti na duba da kyau, na ga ba lalacewa ba ce. Wani ne ya kwashe maɓallan duka ya tara su a kusurwar hagu, sama da ƙasa da gefe-gefe a ƙarƙashin yatsu uku, harbi kuma a dogon maɓallin ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa.

Yau in na tuna tsarin nan nakan ga gwaninta ce tsantsa. Mutumin da bai yi makarantar kwamfuta ba, ya tsaya bayana yana kallo har ya koyi buɗe fayil ɗin, ya auna tafin hannunsa ya tsara abin da ya dace da shi. A lokacin kuwa raini na gani. Ni mai takardar difloma, a zo har shagona a taɓa min saiti? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da ya shigo na tare shi, na ce yaushe ya zama bahago, ko ya manta aikin da ake yi da hagu ne. Ya yi dariya ya ce, "Fulata, haka ya fi min daɗi, bar shi." Ban tambaye shi dalili ba. Na mayar da maɓallan inda masu furogiram suka ajiye su, shi kuma da na fita salla ya mayar hagu. Muka yi ta haka kusan wata guda, ni ina ɗauka wasan namu ne ya samu sabon fili.

Sai na tuna wani umarni da aka koya mana, wanda ke sa wa fayil kwaɗo, a iya karanta shi amma ba a iya canza shi. Kalma biyu ce da alama ɗaya. Na rubuta, na zauna ina jiransa, har ina murmushi ni kaɗai. Ya zo bayan la'asar kamar kullum, ya ja kujera, ya canza maɓallan, kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya sake, ta ƙi. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗora hannun hagu a maɓallan kibiya, jirgin ya tashi yana kaucewa amma ba mai harbi, nan da nan aka kakkaɓo shi. Hannun dama na cikin aljihun rigarsa, na gan shi da idona. Ya miƙe ya ce, "To, Fulata, ka ci." Na bi shi da shewa har bakin titi.

Daga ranar bai sake zama a kujerar nan ba. Yakan ɗaga min hannu daga rumfarsa, mu yi zagin da muka saba, shi ke nan. Na ce fushi ne, zai huce. Da damina ta faɗi ya rufe rumfa ya koma Damagum wajen iyayensa, aka ce noma zai yi. Abin da ke cin raina shi ne, da na yi kwafin fayil ɗin nan biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, da minti ɗaya ya isa. Na san yadda ake yi. Ban yi ba ne kawai don ina so in ci.

Sai bayan girbi labari ya iske ni cewa yana kwance, an kai shi asibiti har sau biyu, likitoci sun ce ciwon jijiya ne da ba su da maganinsa. Na hau mota ranar Juma'a. Na same shi a zaure an jingina shi da bango, ya rame, hannun dama na kan cinyarsa a shanye. Ina ganin hannun nan komai ya dawo min lokaci guda, gaisuwar ladabin, da kwanon da ya ƙaurace wa, da aljihun. Na kasa cewa bawana. Shi ya fara magana, muryar ta yi nauyi amma tsokanar na nan.

"Fulata, har yanzu ƙofar a kulle take?"

Na ce yau ɗin nan zan buɗe, gobe in ɗauko kwamfutar dungurungum in kawo masa har nan, da janareto in ta kama.

Ya dubi hannunsa na hagu, ya yi ƙoƙarin motsa yatsun, biyu kaɗai suka amsa. Ya ce, "Bari wahala. Wannan ma ya bi ɗan'uwansa."

Na nemi gafararsa a wurin, ya ce babu komai, wasa ne, kuma shi ma ai bai faɗa min ba. Na san ya yafe. Amma da zan tafi matarsa Falmata ta rako ni bakin ƙofa tana yi min godiya, ta ce watannin nan da hannun ya fara, in ya dawo daga shagona ne kaɗai take ganin haƙoransa. Ta ce ba ta san abin da ya sa ya daina zuwa ba, ko ciwon ne ya yi nauyi. Har ta koma ga Allah ban faɗa mata dalilin ba. Bukar ya rasu bayan wata biyu da 'yan kwanaki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Yara na zaune a kan benci kowa da wasanni ɗaruruwa a tafin hannu, ana bugawa da babban yatsa ɗaya, babu mai neman lambar sauti, babu mai hura kaset. Na tabbata da sai ya fara kwance wayar da sukudireba ya ga cikinta, ya ce aikin banza ne tunda ba wurin sa dalma. Amma da ya ga an ware wuri musamman a cikin saiti don mai hannu ɗaya ya tsara maɓallansa yadda yake so, da ya juyo ya kalle ni, kuma da na sha zagi har na gode Allah.

Ban san abin da ya rage na Bukar a garin nan ba. Rediyoyin da ya gyara sun daɗe da zama shara, kwalin kaset ɗin ma ban san inda ya shiga ba. A wurina dai ya bar tambaya ɗaya da nake yi kafin in taɓa kayan kowa. Na yi shekaru ina gyara wa mutane kwamfuta, kuma duk lokacin da na ga an karkatar da wani abu ba yadda aka saba ba, rubutu ya yi girma fiye da kima ko sauti ya yi ƙarfi, sai in cire hannuna in tambayi mai ita: wa ya sa shi haka, kuma don me? Sau da yawa amsar ba ta cikin injin.

Wasan jirgin yana nan a kwamfutata ta gida, maɓallan duka a kusurwar hagu, yadda na iya tunawa da tsarinsa. Nakan buga shi a irin wannan watan, hannun dama a aljihu. Ban taɓa wuce hawa na huɗu ba, shi kuwa da hannun nan ɗaya ya koma har na shida kafin in sa kwaɗon. Kwanaki 'yata, wadda ke karatun kwamfuta, ta zauna za ta gwada, ta danna kibiya jirgi ya ƙi motsi. Ta ce, "Baba, saitin nan ya lalace, bari in gyara maka."

Na ce ta bar shi, ba lalacewa ya yi ba, na wani ne. Allah Ya jiƙan Bukar, Ya sa ya huta.